Huɗun Bitrus

Tun da na dawo daga Jamus ba a bar ni na huta ba. A ofis tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har a motar Kubwa da muke cunkusuwa da safe sai wani ya taɓo ni daga baya ya ce, "Malam Sa'idu, wai da gaske a can ɗalibi ba ya shiga aji sai ya ga dama?" Na lura duk sanda na ba da labarin sai wani abu ya ɗan sauya, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya kowa ya karanta. Ina neman afuwa tun yanzu. An kwana biyu da fara tafiyar, ban kuma ajiye komai a rubuce ba a lokacin, don haka mai yiwuwa in gabatar da abin da ya zo daga baya, ko in sa magana a bakin wanda bai faɗe ta haka ba.

Mu biyu aka tura daga ma'aikatarmu, kwas ɗin samar da ruwan sha a birane. Lokacin muna Legas, ana ta raɗe-raɗin cewa gwamnati ta kusa tattara komatsanta zuwa Abuja. Ni ne da Bitrus. Matakinmu ɗaya a wurin aiki, shekara ɗaya aka ɗauke mu. Shi mutumin wani ƙauye ne kusa da Karshi, nan yankin Abuja, mahaifinsa manomin doya, Hausarsa kuma irin ta nan ce, mace ta koma namiji, namiji ya koma mace, ba wanda ya taɓa kasa gane shi. Ustaz yake kirana, ban san dalili ba, don ban fi kowa ibada ba.

Kafin mu tashi, daraktanmu, wanda kowa ke kira Oga, ya kira mu ofishinsa.

"In an koma Abuja za a buɗe sabon sashe na ruwa," in ji shi. "Shugaba ɗaya ake so, akwai gida a Garki tare da kujerar. Wanda ya fi kawo sakamako mai kyau a cikinku, shi ne. Ba ni da ɗan gida."

Na ce, "Allah ya yi mana jagora, ranka ya daɗe."

Bitrus ya ce, "Oga, Garki ai bayan gonar kakana ne. Ko ba ka ba ni gida ba zan kwana."

Oga ya yi dariya har da buga tebur. Ni ma na yi, amma da maganar na kwana, da ita na shiga jirgi.

Ba zan tsawaita kan jirgin ba, don ban ga komai ba, ina riƙe da jakar takarduna a ƙirji har muka sauka Frankfurt. A wurin binciken kaya ne abin ya fara. Jami'in ya tambaya ko akwai abinci a jakata. Ni da ba na son matsala na ce akwai, na zaro kilishin da mahaifiyata ta aiko mini tun daga Funtuwa, na ɗora masa a gaba. Ya girgiza kai, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ya jefa shi cikin wani kwando, ina ji ina gani. Sai aka zo kan Bitrus. Karen jami'an ne ma ya nuna jakarsa. Aka buɗe, ga ƙullin daddawa ya kai kan jariri. Jami'in ya sunsuna ya ja baya.

"Mene ne wannan?"

"Turaren miya," in ji Bitrus. "Ka gwada wa madam, ba zai ƙara dafa komai babu shi ba."

Ban san yadda ya faɗi wannan da Turanci har mutumin ya gane ba. Na dai san jami'in ya kira abokin aikinsa, su biyu suka sunsuna, suka yi dariya, suka mayar masa da abinsa. Na san daddawa ba nama ba ce, doka kuma doka ce. Duk da haka, a cikin jirgin ƙasan da ya kai mu garin da jami'ar take ban iya yi masa magana ba sai da muka yi nisa.

Ranar Lahadi muka isa, abin da ba wanda ya gargaɗe mu a kai. Garin tsit kamar an yi rasuwa a kowane gida, ba shago a buɗe, ba mai talla, ko ruwan sha ba inda za ka saya. An sama mana ɗakuna a gidan wata tsohuwa mai suna Frau Berta, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Kafin ta ba mu abinci sai da ta ba mu dokoki: ba hayaniya da tsakar rana, kwalba ba ta shiga kwandon takarda, a buɗe taga kowace safiya ko da sanyi zai kashe mutum. Na saurara da kyau, na maimaita mata don ta ga na riƙe. Bitrus kuwa ya leƙa tukunyarta ya ce, "Mama, yunwa." Daga ranar ta zama Mama.

A satin farko na yi abin kunya. Babu buta a gidan. Na ga wata 'yar jarka mai dogon hanci a bakin taga, na ce Allah ya kawo sauƙi, na shige da ita bayi. Ashe da ita take ba furanninta ruwa, kuma kyautar marigayi ce. Da ta same ta a can sai ta tsaya a ƙofar ɗakina tana magana da Jamusanci, fuskarta ta yi ja, ni kuma ina ta ba da haƙuri ban san laifina ba. Bitrus ne ya fito ya zaunar da ita, ya yi mata bayanin tsarki da alwala, shi da ba ya yi. Washegari ta sayo mini tawa jarkar, koriya. Amma shi ta miƙa wa ya ba ni.

Abinci a ɗakin cin abincin ɗalibai muke ci, wanda suke kira Mensa. Kalmar Jamusanci ta farko da ta zauna mini ita ce sunan alade, kullum in tsaya gaban matar da ke zubawa in nuna kowace tukunya in tambaya, layi ya taru a bayana. Ƙarshe dankali da kifi suka zama abincina, sai ran da na samu zuwa shagon wani Baturke in sayo naman rago. Burodinsu baƙi ne, mai tsami, ga nauyi kamar bulo. Na rame. Bitrus ya yi kumatu. Ranar Lahadi Frau Berta ta tafi da shi coci, su dawo da labarin gidajen da aka gayyace shi, yana fama da guntun kek a takarda wai nawa ne.

To, ga abin da aka fi tambayata, wato karatun.

Ranar lacca ta farko, farfesa na rufe baki sai na ji ɗalibai sun hau ƙwanƙwasa tebura da ƙullin hannu, ajin gaba ɗaya. A jami'ar da na yi a gida, in aka fara buga tebur to abin da ke biyo baya shi ne hayaƙi mai sa hawaye. Na tattara littattafaina na fara neman ƙofa. Sai na ga farfesa ya ɗan russuna yana murmushi. Ashe tafi ke nan a wurinsu. Na waiga, Bitrus na ƙwanƙwasawa da hannu biyu kamar a gidansu aka ƙirƙiro abin.

Gaskiya ne ba a kiran suna. Ba gwajin tsakiyar zango, ba aikin gida da za a karɓa a ba ka maki, aƙalla a sashen da muka zauna, ban san sauran ba. A gida malami yana biye da kai, yau gwaji gobe tambaya, ka tara maki kaɗan-kaɗan kamar mai adashi. A can ba ruwan kowa da kai har ƙarshe. Da farkon zango ka ga yara kwance a ciyawa suna shan rana, ka ce ba ɗalibai ba ne. Da jarrabawa ta matso sai garin ya canza. Bakin ɗakin karatu ya cika tun kafin a buɗe ƙofa, ba mai yi wa wani murmushi, wasu ko aski sun daina. Duk wahalar watanni a rana ɗaya za a auna ta.

Namu kwas ɗin zango biyu ne, a ƙarshe jarrabawa ɗaya ta baka, kai da farfesa da wani shaida mai rubuta abin da aka faɗa. Matar ofishin jarrabawa ce ta zaunar da mu baƙi ta karanta mana ƙa'idoji. Ba a sa ka a jarrabawa, kai za ka kai sunanka da kanka, in ka manta ka manta. In ka kai suna ba ka zo ba, ka faɗi, sai fa in likita ya shaida ba ka da lafiya. Sau uku ake ba mutum dama, in ya faɗi na ukun ya rabu da wannan fannin, kuma kamar yadda na fahimta ba a jami'ar kaɗai ba. Sai ta ƙara da wata wadda ta kwantar mini da hankali: kafin wa'adi ya cika, mutum na iya janye sunansa ba tare da ya faɗi dalili ba, ba a lissafa masa komai, ya jira zango na gaba. Mu kuma masu ɗaukar nauyinmu sun yarda da ƙarin zango ɗaya.

A ganina wannan ƙa'ida rahama ce, har yanzu ban canza ra'ayi ba. A gida da ciwo da rasuwa duk ka zauna ka rubuta. A can an yarda mutum ya fi kowa sanin ko ya shirya.

Na yi karatu, wannan ko Bitrus zai shaida. Ban taɓa fashin lacca ba. Shi kuwa wata rana yana wasan ƙwallo da 'yan coci, wata rana ya bi wani injiniya duba madatsar ruwa, wata rana yana gyara wa Frau Berta shingen lambu. Da muka kai sunayenmu, wa'adin janyewa ya matso, sai barci ya ƙaurace mini. Akwai babi biyu kan matsin ruwa a cikin bututu da nake ganin ban riƙe su yadda ya kamata ba. Na same shi a kicin yana soya ƙwai na faɗa masa zan janye.

"Ustaz, kai ɗin? Littafin nan ka karanta ta har ta gaji da kai."

"Akwai babi biyu."

"Farfesa ma bai gama babi biyun nan ba. Mu shiga mu fito. Jarrabawa ba ya cin mutum."

"In na shiga yanzu zan iya ci, ban ce ba zan ci ba. Amma ba ci kawai Oga ya ce ba, cewa ya yi wanda ya fi."

Ya juya ƙwansa ya ce, "To ka fi. Ni sanyi ne ba zan ƙara gani ba. Wancan da muka sha ya ishe ni har jikoki."

Na je na janye. Matar ofishin ko kallona ba ta yi sau biyu ba.

Ranar jarrabawarsa na raka shi, na zauna a benci a waje. Ta bayan ƙofa ina jiyo muryarsa, can sai na ji farfesa ya yi dariya, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba. Da ya fito sai ya ɗaga yatsu huɗu sama yana rawa a baranda.

A nan sai na yi bayani, don a nan maganar take. Makinsu a juye yake da namu. Ɗaya ita ce ƙololuwa. Biyu mai kyau, uku ba laifi, huɗu kuwa ita ce bakin rami, an tsallake da ƙyar, daga ita sai biyar, wato faɗuwa. Ɗalibansu ma suna da wasa a kai, wai huɗu ta wadatar. Bitrus ya san haka sarai.

"Ustaz, da ƙafa ɗaya na tsallake," in ji shi. "Ya tambaye ni bututu, na kai shi rafin ƙauyenmu. Ya dawo da ni bututu, na mayar da shi rafi. Ya gaji ya ba ni huɗu."

Na taya shi murna. Na kuma yi lissafina a zuci, na ga ko uku na samu na wuce shi.

Ya tafi gida da rani. Frau Berta ta raka shi tasha tana share hawaye, ta dawo ta rufe ɗakinsa, ta ƙi ba kowa haya. Ni na zauna na sake shan wani sanyin ni kaɗai, rana ta fito a makare ta faɗi da wuri, dankali da kifi, babi biyu. A cikin wannan sanyin ne na ji a rediyo cewa gwamnati ta tare a Abuja. Na tsaya da cokali a hannu ina tunanin wa ke ɗaukar fayilolin sashenmu, wa ke zaɓar ɗaki, wa Oga ke kira in yana neman hanyar wani wuri a garin da bai sani ba. Na san amsar.

Jarrabawata ba ta da labari. Na shiga, aka tambaye ni, na amsa. Babi biyun nan ko kusa da su ba a je ba. Farfesa ya dubi shaidan, ya dube ni, ya ce ɗaya, ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce ya daɗe bai ba baƙo wannan maki ba. Na koma gida na faɗa wa Frau Berta. Ta yi murna ƙwarai, ta gasa kek, muna ci ta ce in na je in tambayi Bitrus ko ya samu safar da ta aika masa.

Da na sauka Legas na tarar da ofishinmu wayam, sai maigadi da kujeru masu ƙafa uku. Na hau mota ta Lakwaja na shigo Abuja, garin da ban taɓa takawa ba: jar ƙasa, tituna masu faɗi ba motoci, gine-gine rabi da fenti rabi da katako. Ma'aikatarmu na cikin wani bene da ba a gama ba, fayiloli jibge a ƙasa an ɗaure su da igiya. A hawa na biyu na ga ƙofa da sunan Bitrus, mai riƙon sashen ruwa. Gidan Garki ma an ba shi ya riƙa, kafin a yanke hukunci. Ni aka ce in nemi wani abokin aiki a Kubwa mu raba ɗaki biyu.

Ya rungume ni har ya ɗaga ni sama. Kowa a benen ya san shi. Shi ya nuna wa direbobi inda ake samun ruwa, shi ya sasanta ma'aikata da masu gonakin da bututu zai ratsa, da yarensu, kuma duk ƙarshen mako mahaifinsa na aiko da doya a raba. Ni ma an ba ni biyu. Doya ce mai kyau, ba zan ɓoye ba.

Washegari na shiga wurin Oga.

"Malam Sa'idu! Bajamushe! Mun ce ko ka yi aure a can. To, nawa ka kawo mana?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Ɗaya."

"Ɗaya cif."

"Bayan ƙarin zango guda."

Sai a lokacin na gane abin da ya ji. Oga a nan gida ya yi digirinsa, inda biyar ce sama, mai huɗu a yi masa walima, mai ɗaya a ce ya dai fito. Watanni ke nan yana yawo yana faɗa wa manya cewa yaronsa ya je Jamus ya ciwo huɗu a zama ɗaya.

"Ranka ya daɗe, a can a juye ne. Ɗaya ita ce babba."

"A wace ƙasa ɗaya ta fi huɗu? Jamusawan da suke ƙera injin ne ba su iya ƙirga ba?"

Na miƙa masa satifiket, na nuna masa kalmomin da ke gefen lambar, na ce ma'anarsu ya yi kyau ƙwarai. Ya juya takardar, ya ce shi bai iya Jamusanci ba, kuma mai takarda ba ya fassara takardarsa. Ya aika a kira Bitrus. Na ji daɗi da fargaba a lokaci guda, don ban san abin da zai ce ba, ga kujera ga gida.

Bitrus ya shigo ya ji batun, ya kwashe da dariya. "Oga, ai na faɗa maka tun ran da na dawo, ka ce in daina wasa. A can ɗaya shi ne sarki. Nawa huɗun nan, saura ƙiris a koro ni. Ustaz ya fi ni nesa ba kusa ba. Ka ba ta kujeran."

Oga ya dube shi. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ta yi laushi.

"Ka gani ko, Malam Sa'idu? Ka gode wa Allah da ya ba ka aboki. Dubi yadda yake zubar da kansa don ya rufa maka asiri. Irin wannan halin ai shi ake nema a shugaba."

Ban san abin da na amsa ba. Ina jin na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Daga baya na sake komawa, sau biyu. Oga ba azzalumi ba ne, ina so a fahimci wannan. Ya ce shi abin da hankali zai ɗauka yake bi: mutum ya gama da wuri da lamba babba, wani ya makara ya zo da ƙarama, wa za a ce ya fi? Na yi masa bayanin janyewa, ya ce a iya saninsa wanda ya shirya ba ya janyewa. Ƙarshe ya ce in kawo masa mutum na uku, wanda ya yi karatu a can, ba ni ba, ba Bitrus ba, ba kuma ɗan garinmu ba, ya zo ya faɗa da bakinsa. In ba haka ba, sunan da ke kan ƙofa shi zai tura sama a tabbatar. Ofishin jakadancin Jamus har yanzu yana Legas. Waya a benenmu ba a haɗa ba tukuna.

Wannan shi ne abin da na gani a tafiyata, gwargwadon abin da na riƙe. Na san akwai waɗanda suka yi karatu a Jamus ko Ostiriya ko Suwizalan da aiki ya kawo su garin nan, a ma'aikatu ko kamfanonin gini. In na yi kuskure kan yawan damar da ake bayarwa, ko ƙa'idar janyewa, ko wani abu na al'adarsu, don Allah a aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Wanda kuma ya san yadda makinsu yake, ina roƙonsa kada ya tsaya aikowa, ya zo da ƙafarsa, kuma kafin wata ya ƙare. Da safe ya fi, don bayan azahar ba a cika samun Oga ba. Kada nisa ya hana kowa. Bitrus ya ce ko a ina mutumin yake, ko Karshi ne ko Suleja, in faɗa masa kawai, shi zai je ya ɗauko shi da kansa a motar shugaban sashe.